Ɗan Bayan da Na Ce Ba Zai Kai Ba

Rano,
ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Allah Ya tsare ka a garin da ka sauka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kare ka daga sharrin baƙunta da sharrin fili. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma duk suna gaishe ka.

Jiya bayan la'asar da ka bugo waya ka ce likitan kulob ɗin ya sake duba gwiwarka ya ce ta warke, kuma ka sa hannu a takardar kwantiragi, abin da na iya ce maka kawai shi ne, “To, madalla.” Na san ka ji kamar ban damu ba. Ba haka ba ne. Ina gonarmu ta Zinyau lokacin, a tsakiyar kunyar albasa, sai na lallaɓa gindin mangwaro na zauna, na daɗe ban tashi ba. Sati uku ke nan rabona da in ci abinci in ji ɗanɗanonsa. Da na koma gida na cinye tuwon da aka zuba mini na nemi ƙari, mahaifiyarka tana kallona tana dariya.

Gobe za a kai sauran kayanka tasha, shi ya sa na ce bari in sa wannan takarda a ciki. Ni ba gwanin waya ba ne, kuma akwai maganganun da in ina jin numfashinka a kunnena ba za su fito ba. Ba labarin gari zan ba ka ba. Kurakuraina zan lissafa maka, waɗanda suka shafi wannan sana'a da ka shiga, don kada ka sake biyan kuɗin makarantar da na riga na biya.

Ka taso kana jin mutanen Rano suna ce mini Koci, saboda shekarun da na yi ina malamin wasanni a sakandare ina kuma horar da ƙungiyar gari. Ka kuma taso kana jin labarin da nake bayarwa a majalisa, cewa a zamanin samartakata an kira ni gwaji a wani babban kulob a Kano, aka ƙi ɗaukata don ba ni da uwa a gindin murhu. Kai ma na faɗa maka haka, ba sau ɗaya ba. To, ƙarya ce. Ga yadda aka yi.

Lamba uku nake bugawa, baya ta hagu. Ranar gwajin aka raba mu gida biyu. Mai horarwar, wani dattijo mai sanƙo da usur a wuya, ya nuna mini wani siririn yaro da ke buga musu lamba bakwai, ya ce, “Ga naka nan. Ba na so ya ɗaga kai.” Iyakar aikin da aka ba ni ke nan. Amma da na ga mutane sun cika gefen fili, sai zuciyata ta raya mini cewa babu mai tunawa da ɗan bayan da ya tsaya a bayansa. Na fara hawa gaba. Na yanke mutum biyu, aka yi mini tafi, kaina ya kumbura. Hawa na uku aka ƙwace ƙwallon a ƙafata, aka cilla wa siririn yaron nan, ya tarar da wurina wayam. Ya kai ta har bakin raga, aka ci mu. Kafin a tashi ya sake yin haka.

Bayan wasa dattijon ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Yaro, kana da ƙafa, kana da gudu. Amma gadin ƙofa na ba ka, ka tafi kallon rawa. Koma gida ka koyi tsayuwa a wurinka, ka dawo mini baɗi.”

Ban koma ba. A motar da ta dawo da ni, kafin mu wuce Bunkure na gama shirya labarin da zan ba mutanen gari. Suka yarda, suka taya ni zagin mutanen birni, ni kuma na ji sanyi. Da shekara ta zagayo, komawar ta gagare ni, don in na koma na ƙaryata kaina ke nan. Ka ga ba dattijon ne ya rufe mini ƙofa ba. Shi a buɗe ya bar ta.

Saboda haka abu biyu. Na farko, aikin da aka ba ka shi ake auna ka da shi. In an ce ka tsare mutum, ka tsare shi, ko da za a tashi wasan babu wanda ya ambaci sunanka. 'Yan kallo ba su ne suke rubuta sunayen waɗanda za su buga ranar Lahadi ba. Na biyu, kuma ya fi na farkon nauyi: ranar da aka ajiye ka a benci, kuma ranar za ta zo, ka je ka tambayi mai horarwa dalili cikin ladabi, ka saurara har ya gama, sannan in ka bugo mini ka faɗa mini abin da ya ce, ba abin da zai yi mini daɗi ba. Za ka samu abokan da za su ce maka ƙabilanci ne, don kai Bahaushe ne a garin da ba naku ba. Wani lokacin ma yana iya zama gaskiya. Amma kada ka fara da wannan. Fara da ƙafarka.

Kuskure na biyu na yi shi ne bayan na zama mai usur a wuya da kaina.

Akwai wani yaro da ya yi makarantarmu, Buba, ɗan Fulanin Fammar. Dogo ne siriri, ba ya magana, in ka tambaye shi abu sai ya kalli ƙasa. Baya ta dama yake bugawa, wurinka. Da za mu je gasar makarantu aka ce in zaɓi yara, sai ya zama ko shi ko wani ƙaƙƙarfan yaro ɗan cikin gari, mai yawan ihu da zubewa ƙasa. Shi wannan kullum wandonsa a yage, gwiwarsa da jini, in ya ɗauke ƙwallo har da mutumin yake ɗaukewa, 'yan kallo su yi ta kiran sunansa. Buba kuwa a tashi wasa rigarsa fes, kamar bai shiga ba. Na ce a raina wannan rago ne, ba ya son wahala. Na ajiye shi. Bai ce mini komai ba. Ya daina zuwa fili, da ya gama makaranta ya koma wajen shanunsu.

Mun je gasar, ta ɓangaren ƙaƙƙarfan nan aka yi ta shigo mana. Duk zubewar da yake yi, ashe don an riga an wuce shi ne yake neman ya kamo. Ban fahimci haka ba a lokacin. Na ɗora laifin a kan gola.

Bayan shekaru masu yawa na je kasuwar Kibiya neman ragon suna, na haihuwar ƙanwarka ta ƙarshe. Ina cikin kara sai wani magidanci mai gemu ya durƙusa ya gaishe ni. Buba ne. Ya zaɓa mini rago da kansa, muka koma inuwa muka zauna. Cikin raha na ce masa, “Buba, ka bar ƙwallo da wuri.”

Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ai kai ka bar ni.”

Na ce, “To ai ban taɓa ganin ka yi wani abin a zo a gani ba.”

Ya ce, “Ba za ka gani ba, Malam. Kai ƙwallo kake bi da ido, ita kuma ba ta cika zuwa wajena ba. In na tsaya inda ya kamata, mai ƙwallon sai ya duba ya ga babu hanya ya juya. Haka muke yi da shanu in za a wuce gefen gona. Ba sai saniya ta shiga ake bin ta da sanda ba. Tun tana tunanin shiga ake tare mata gaba.”

Ba da ɗaci ya faɗa ba, har ya raka ni bakin mota. Amma na dawo Rano da ragon nan a gabana ina jin kamar an yi mini duka. Shekara da shekaru ina zaɓar yara ina ajiye yara, ashe ban san abin da ake kallo a jikin ɗan baya ba.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, masu auna ka mutane ne, suna kuskure. Wani zai dube ka bai ga komai ba, ba don babu ba. In haka ta faru kada ka yi irin na Buba, ka naɗe tabarmarka shiru ka tafi. Kawaici yana da kyau a gaban surukai, a fili kuwa yana iya cin mutum. Ka buɗe baki ka ce, “Koci, a wasa mai zuwa ka dube ni, ka bar ƙwallon.” Da yaron nan ya faɗa mini haka tun yana ɗan makaranta, wataƙila da na ji haushi, amma da na duba. Kuma in Allah Ya ja da ranka har ka zama mai zaɓar wasu, ka tuna cewa wando mai tsabta ba shaidar ragwanci ba ce.

Kana iya zaton wanda aka yi wa wannan darasi ba zai sake ba. To ga na uku, kuma a kanka na yi shi.

Tun kana firamare na ga kana da abin. Na gani, na kawar da kai. Da ka gama sakandare ka samu gurbi a 'yar kwalejin nan ta horon malamai, ka shiga ƙungiyarsu, ka zo kana ba ni labari da murna, ka tuna abin da na ce maka? Muna ɗaure dawa a gona. Na ce, “Kai gajere ne. Kwalejin taku kuma ko a taswira ba a ganin ta. Wa zai baro birni ya zo kallon ɗaliban da filinsu awaki ke kiwo a ciki? Ka kama karatunka ka bar mafarki.” Ka ci gaba da ɗaurin. Shekara uku kana buga musu ban taɓa taka ƙafata na je ba.

Ranar da na je ma mahaifiyarka ce ta tura ni. Ta ce, “Malam, 'ya'yan mutane ka ƙare ƙuruciyarka kana kallo. Wannan wasansa na ƙarshe ne a makarantar. In ba za ka je ba ni zan sa mayafina in je.” Na hau babur na tafi ina gunaguni.

Na samu wuri a gindin wata darbejiya na tsaya. Kusa da ni akwai wani baƙo mai ɗan ƙaramin littafi a hannu, yana kallo yana ɗan rubutu. Shi ne Malam Isiyaku, wanda kulob ɗinku yake turawa makarantu da ƙauyuka yana duba musu 'yan wasa, amma a lokacin ban san shi ba, shi ma bai san ni ba. Ana gab da tafiya hutun rabin lokaci ya juyo ya ce, “Malam, na ga kamar kai ɗan gari ne. Ka san lamba biyun nan?”

Na ce, “Na ɗan san shi.”

Ya ce, “Yaya kake ganinsa?”

Na ce, “Ba laifi a nan. Amma ba zai kai ba. Ba shi da tsawo, in aka ɗago ƙwallo sama an gama da shi. Ƙafarsa ta hagu ta hawa mota ce kawai. Kuma waɗannan da yake tarewa ai ɗalibai ne.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “Duk abin da ka faɗa akwai shi a littafin nan. Amma bari in tambaye ka. Da aka fara wasa, ta ina ƙungiyar baƙin nan take kai hari?”

Ni kuwa ban lura ba.

Ya ce, “Ta wajensa. Gwaninsu lamba sha ɗaya ne, ya gwada shi sau uku bai wuce ba. Yanzu duba inda yake.” Na duba, sai ga lamba sha ɗayan can ɗaya gefen, mai horar da su ya sauya masa wuri. Malam Isiyaku ya ce, “Ni abin da na zo gani ke nan. In aka dawo ka bar ƙwallon ka dubi ƙugunsa. In zai juya ya bi mutum, ba ya harɗe ƙafa, jikinsa gaba ɗaya yake juyawa kamar ƙofa. Wannan ba a cika koya wa mutum shi ba. Kuma ba ya zubewa ƙasa sai ya tabbata.”

Aka dawo na bar ƙwallon na dube ka, karo na farko a rayuwata. Can wajen ƙarshe aka yanke ka sau ɗaya, yanka mai kyau, har 'yan kallo suka yi sowa. Na ce masa, “Ka gani ko?”

Ya ce, “Shi nake jira tun ɗazu. Kowane ɗan baya ana yanke shi. Abin da yake yi bayan nan nake so in sani.” Kai kuwa ba ka tsaya riƙe ƙugu ba, ba ka nemi wanda za ka ɗora wa laifi ba. Ka juya ka bi wanda ya yanke ka, ka cim masa a bakin layi, ƙwallon ta fita kwana. Da ya sake zuwa kuma ba ka ja da baya don tsoro ba, ka matse shi kamar ba abin da ya faru. Malam Isiyaku ya rufe littafinsa. Ya ce, “Abu ɗaya ne ban sani ba, kuma a nan kana da gaskiya. Waɗannan yaran gobe alli za su riƙe. Ban san yadda zai yi da mutumin da ƙwallo ce abincinsa da na iyalinsa ba. Wannan babu mai sani daga gindin bishiya. Shi ya sa ake kiran mutum gwaji.”

Sauran ka san shi. Ya aika aka kira ka, ka zo da gumi, ka gan ni, ka durƙusa ka ce, “Baba, ashe ka zo.” Mutumin nan ya dube ni ya dube ka, ya yi dariya ba da wata manufa ba, ya ce, “Ikon Allah. Mahaifinka ne? Ai shi ne yanzu ya gama faɗa mini ba za ka kai ba.” Na ga yadda fuskarka ta yi. Wata guda bayan nan gaisuwa ce kawai take haɗa mu.

Na gaya wa mahaifiyarka cewa kunya ce, ai ba a yabon ɗan cikinka a gaban baƙo. Ta ce, “Rashin yabo daban, kushe daban.” Gaskiya ta faɗa. Da kunya ce kawai, da na ce masa ban san ka ba na yi shiru. Abin da ke ƙasa shi ne, na auna ka da mudun kaina. Na je na faɗi, sai na ɗauka duk wanda ya fito daga gidan nan faɗuwa zai yi, na ce gara in kayar da kai a gida da a kayar da kai a bainar jama'a. Kuma akwai wani abu ƙarami, baƙi, wanda ban so in duba ba: in ka kai, to ya tabbata ke nan ana kaiwa daga Rano ba tare da uwa a gindin murhu ba.

Duk da haka kada ka zubar da abin da na faɗa a gindin darbejiyar nan don kawai da mugun nufi ya fito. Tsawonka ba zai ƙaru ba. In aka ɗago ƙwallo daga ɗaya gefen zuwa bayanka, manyan 'yan gaba za su hau kanka, don haka ka koyi riga su zuwa wurin, ka sa jikinka tsakaninsu da ita tun ba su yi tsalle ba. Ƙafar hagu kuma ka samu bango ka yi ta dukansa da ita bayan kowa ya tafi, har ta daina jin kunya. Akwai wani kuma da ban faɗa wa Malam Isiyaku ba: in ka gaji kana kama rigar mutum. A kwaleji alƙalan wasa suna kawar da kai, a can kati za ka sha. Sannan ba ka magana da na kusa da kai. Ɗan baya bebe hatsari ne ga gidansu. Ka koyi sunayen abokan tsaronka tun satin farko, ka koyi yadda ake cewa “bar mini” da “ga shi a bayanka” da harshen da suke ji.

Kuma kada sunan kwalejinku ya sa ka sunkuyar da kai a ɗakin sa kaya. Za ka tarar da waɗanda suka fito daga manyan makarantun ƙwallo, da takalma kala-kala. Ba a tambayar ɗan gaba takardar makarantar wanda ya tare shi. Haka nan kada ka ɗauka don ka gagari ɗalibai ka gama. Yanzu aka fara auna ka, kuma kowane mako za a sake.

Na huɗu shi ne wanda ya hana ni cin abinci, don da ka bi maganata da yanzu wani labarin ake yi.

Saura kwana biyar ka tafi gwajin ka faɗi a filin gari wajen atisaye, gwiwarka ta dama ta kumbura. Na kai ka wajen mai ɗori ya murza ya ɗaure. Muna dawowa na ce maka, “In ka je kada ka faɗa wa kowa. Ka sha magani ka ɗaure ta da kyau ka shiga. Irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu.” Mahaifiyarka tana tankaɗe a tsakar gida, ta ajiye rariyar ta ce, “Malam, in sun ɗauke shi a kan ƙafar da ba ta da lafiya, da wace ƙafar zai yi musu aikin?” Na ce mata ba ta san harkar ƙwallo ba. Kai kuma ka ce, “To, Baba,” ka shiga ɗaki.

Ka sauka, washegari ka je da ƙafarka ka nuna wa likitansu. Ya hana ka shiga fili, ya ce sai kumburin ya sauka an ɗauki hoto. Sauran yaran da aka kira tare da kai suna ta bugawa kana zaune a gefe. Da ka faɗa mini a waya na yi maka faɗan da ban taɓa yi maka ba. Na ce ka kashe kanka da hannunka, na ce ka shirya dawowa ka riƙe alli. Ka bari na gama, sannan ka ce, “Baba, in na ɓoye, kullum zan shiga fili ina tsaron mutum biyu, ɗan gaba da gwiwata. Ba zan iya ba.” Na kashe wayar.

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Ina zuwa gona in rasa abin da na je yi. In aka tambaye ni a masallaci ya labarin Nasiru, sai in ce ana nan ana yi. Da farko tsorona kada su sallamo ka. Daga baya, da ka faɗa wa mahaifiyarka abin da likitan ya ce bayan ya ga hoton, cewa jijiyar ta ja ne ba ta tsinke ba, amma da ka buga a kanta tana kumbure da tana iya tsinkewa, sai tsoron ya sauya kama. Na riƙa ganinka a raina kana ɗingishi a titin Rano kana da shekara ashirin da uku, ana nuna ka ana cewa ga wanda ya kusa. Kuma ni ne na aike ka. Da mai horarwarku ya ba ka wasa biyu bayan ka miƙe, ban iya tambayar yadda aka yi ba, sai dai in tsaya bakin ƙofa ina sauraro in kana magana da mahaifiyarka.

Jiya Allah Ya sauke mini wannan kaya. Ba dabarata ba ce, dabarata ma ita ce ta kusa kai mu ƙasa.

To ka riƙe wannan da kyau: jikinka shi ne gonarka, babu wata. Kada ka ɓoye ciwo don kowa, ko mai horarwa, ko 'yan kallo, ko ni. In wani ya zo maka da allura ko ƙwaya ya ce za ta ɗauke maka zafi ka buga, ka tambayi likita kafin ka karɓa. In wani ya ce a rage maka shekaru a takarda don a kai ka waje, ka ce masa mahaifiyarka ta san ranar da ta haife ka. Duk takardar da za ka sa wa hannu ka karanta ta har ƙarshe, ai don haka ka yi makaranta. Takardar shaidarka ta malanta kuma na sa an yi mata leda, tana cikin akwatina. Ba don ina zaton za ka faɗi ba. Ƙwallo ko ta yi wa mutum kirki da wuri take sallamarsa, kuma aji ba abin kunya ba ne, shi ya ciyar da ku.

Ka tsare sallarka a kan lokaci, ko a tafiya. Ka nemi masallacin da ke kusa da masaukinku ka san limamin. Abokan wasanka da ba addininku ɗaya ba ka zauna da su lafiya, ka ci abin da ya halatta tare da su, don wanda zai rufe maka baya ranar da aka yanke ka ba za ka tambaye shi inda yake ibada ba. Ka riƙa kiran mahaifiyarka ranar Juma'a. Ba ta gane satar gida ba har yau, amma ita ce ta fi mu duka gane wannan al'amari.

Saura magana ɗaya. Na horar da yara da yawa a garin nan, na yaba wa waɗanda ba su kai rabinka ba, a gabanka, kana riƙe da takalmanka kana ji. Kai ban taɓa ba. To ga shi a rubuce, don ka iya dubawa duk ranar da aka yi maka ihu a fili: ka fi ni iya ƙwallo nesa ba kusa ba, kuma da aka zo wurin gaskiya ka fi ni tsayuwa. Ban san iyakar inda za ka kai ba, na kuma daina yin kamar na sani. Abin da na yi maka a gindin darbejiya, da wanda na yi maka a waya, ka yafe mini. Ba sai ka amsa wannan da baki ba, na san irin nauyin da zai yi maka. In ka bugo ranar Juma'a, bayan kun gama da mahaifiyarka, ka ce ta miƙo mini. Ya isa.

Allah Ya yi maka albarka. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ƙafafunka, Ya ba ka halal mai amfani, Ya sa ka gama da wannan sana'a lafiya ka dawo mana da mutuncinka. Allah Ya sada mu da alheri, amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Habu